Ɗaurin Chauvin: doka ce ta yi aiki ko wayar yarinya?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma ina so mazauna Amurka su sa baki. Duk sanda ɗan sanda ya kashe wani a nan gida sai ka ji ana cewa, "A Amurka da tuni an ɗaure shi, ku dubi wanda ya kashe George Floyd." Ni a ganina ba doka ce ta ɗaure Derek Chauvin ba, wayar Darnella Frazier ce, yarinya 'yar shekara 17 da ta ɗauki bidiyon kisan. Sanarwar farko da 'yan sandan Minneapolis suka fitar kan abin da ya faru ranar 25 ga Mayu 2020 cewa ta yi mutumin ya mutu ne bayan rashin lafiya ta taso masa a lokacin kamu. Ba a ambaci gwiwa a wuya ba ko sau ɗaya. Da yarinyar nan ta wuce abinta, da shi ke nan an shafe zancen. To ina tsarin da ake ta yabo?

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam. Wallahi har yau ban iya kallon bidiyon nan har ƙarshe ba. Inda yake kiran mahaifiyarsa nake kashewa. Duk a kan zargin jabun dala 20.

Barista_MK:
Malam Sadiq, rabin maganarka na yarda da ita, rabi kuma a'a. Bidiyo ya buɗe ƙofa, amma bidiyo kaɗai bai taɓa ɗaure kowa ba. A 1991 an ɗauki hoton 'yan sandan Los Angeles suna jibgar Rodney King, duniya ta gani, amma a Afrilun 1992 kotun jiha ta sallame su, garin ya kama da wuta, mutum sama da 50 suka mutu. A 2014 an ɗauki Eric Garner a New York yana ta cewa ba ya iya numfashi, ko gurfanar da ɗan sandan ba a yi ba, sai a 2019 aka kore shi daga aiki. To me ya bambanta shari'ar Chauvin? Abu na farko, gwamnan Minnesota ya cire ragamar ƙarar daga hannun mai gabatar da ƙara na gunduma ya miƙa wa Antoni Janar na jiha, Keith Ellison. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai gabatar da ƙara na gunduma kullum da 'yan sandan garin yake aiki, su ne shaidunsa a kowace shari'a, ta yaya zai ɗaure abokin aikinsa da safe ya nemi taimakon sauran da yamma? Sannan shugaban 'yan sandan birnin, Medaria Arradondo, ya hau akwatin shaida da kansa ya ce abin da Chauvin ya yi ba ya cikin horonsu, ba ya cikin ƙa'idarsu. Ba kasafai ake ganin haka ba. Ranar 20 ga Afrilu 2021 aka same shi da laifi a duka tuhume-tuhume uku, aka yanke masa shekara 22 da rabi, daga baya kotun tarayya ta ba shi 21 da zai yi su a tare.

Sadiq_Fagge:
Barista, ai ka ƙara ƙarfafa ni ne. Sai da aka ƙona ofishin 'yan sanda, aka yi zanga-zanga har Landan da Faris, kafin gwamna ya motsa. Tsarin da sai gari ya ƙone yake aiki, tsari ne?

Dan_Bronx:
Bari in sa baki tunda an kira mu. Ni direban haya ne a New York, na daɗe a nan. Abin da nake so 'yan gida su gane shi ne babu wani abu wai shi "'yan sandan Amurka" a dunƙule kamar yadda muke da Sufeto Janar ɗaya a Abuja. Hukumomin 'yan sanda a ƙasar nan sun kai kusan 18,000, kowane birni da nasa, kowace gunduma da nata, kowa da dokokinsa. Shi ya sa za a kori mutum a wannan gari saboda duka, ya tsallaka gari na gaba su ɗauke shi. Sannan a unguwar da nake, tsofaffin 'yan Afirka ta Yamma ba Floyd ne ya fara faɗo musu a rai ba, Amadou Diallo ne. Bafulatanin Gini, ɗan shekara 23, ɗan tireda a bakin titi. Daren 4 ga Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tare shi a ƙofar gidansa, ya sa hannu ya ciro walat, suka sakar masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Aka ɗauke shari'ar daga Bronx aka kai Albany, aka wanke su duka huɗun a shekarar 2000. Duk baƙon da ya zo daga gida, abin da muke fara koya masa ke nan: idan an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka taɓa aljihu sai ka nemi izini, kada ka fito sai an ce ka fito. A gida ladabi ne ka fito daga mota ka je ka gaida ofisa. A nan hakan zai iya zama ajalinka.

Abu_Hanifa77:
Innalillahi. 41 a kan mutum ɗaya?

Injiniya_Tukur:
Ni fa ina da ja a kan yadda ake mayar da komai wariyar launin fata. Jaridar Washington Post daga 2015 zuwa 2024 ta tattara sunayen waɗanda 'yan sanda suka harbe har lahira, kusan mutum 1,000 duk shekara, kuma kusan rabinsu farare ne. Wa ya san Tony Timpa a zauren nan? Bature ne, a Dallas a 2016, shi ma danne shi aka yi a ƙasa na kusan minti 14 har ya mutu, shi ne ma ya kira 'yan sandan da kansa yana neman taimako. Daniel Shaver, Bature, yana rarrafe yana kuka a barandar otal a Arizona aka harbe shi, kotu ta wanke ɗan sandan. Ba wanda ya yi musu zanga-zanga a Landan. Matsalar ƙasar bindiga ce. Bindigogin da ke hannun jama'a sun fi jama'ar yawa, ɗan sanda duk motar da ya tsayar yana zaton za a harbe shi.

Hajiya_Bilki_MN:
Injiniya, ka kawo rabin lissafi ka ɓoye rabi. Farare su ne mafi rinjaye a ƙasar, dole yawansu ya fi a kowane jeri. Baƙaƙe kusan kashi 13 ne cikin 100, amma wannan jaridar da ka ambata ita ce ta nuna idan aka auna da yawan jama'a, ana kashe su fiye da ninki biyu na farare. Ni a Minnesota nake zaune, ina aikin jinya. Bari in ba ka labarin garinmu ka auna da kanka. A 2016 ɗan sanda ya harbe Philando Castile, baƙar fata, a cikin motarsa, bayan shi da bakinsa ya sanar cewa yana ɗauke da bindiga mai lasisi. Budurwarsa ta watsa abin kai tsaye a Facebook, ga 'yarta 'yar shekara 4 a kujerar baya. Aka wanke ɗan sandan a 2017. A wannan shekarar ta 2017 wani ɗan sanda ɗan asalin Somaliya, Mohamed Noor, ya harbe wata Baturiya 'yar Ostireliya, Justine Damond. Shi an ɗaure shi, da farko shekara 12 da rabi kafin kotun ƙoli ta jiha ta soke ɗaya daga cikin laifukan a rage masa, kuma birni ya biya iyalinta dala miliyan 20. Iyalin Castile kusan miliyan 3 suka samu. Ban ce Noor bai yi laifi ba, ya yi. Amma je ka tambayi Somaliyawan garin nan abin da suka karanta a ciki.

Injiniya_Tukur:
Hajiya, na ji, kuma ban musa alƙaluman ba. Amma ki amsa mini wannan: Tyre Nichols a Memphis, Janairun 2023. 'Yan sanda biyar suka yi masa dukan da ya kashe shi bayan kwana uku, su biyar ɗin duka baƙaƙe, shugabar 'yan sandan garin ma baƙa. Wariyar wa ke nan?

Hajiya_Bilki_MN:
Tambayar ba wai launin mai duka ba ce kaɗai, Injiniya. Wace unguwa aka tura su? Rundunarsu ta musamman, SCORPION, an kafa ta ne a sake ta a unguwannin talakawa, galibi baƙaƙe, a motoci marasa tambari, a tsayar da duk wanda aka ga dama. Ba a kai irinta unguwar masu kuɗi. Ko a lamarin Floyd, cikin huɗun da ke wurin akwai Kueng, baƙar fata ne, akwai Thao, ɗan ƙabilar Hmong. Kaki ne ke koya wa mutum wanda zai iya taka wa ya kwana lafiya.

Kwamared_Zariya:
Runduna ta musamman, farin kaya, mota babu lamba, tare matasa a hanya. Jama'a wannan ai SARS ce da fasfo ɗin Amurka! Kuma ku duba, a shekara ɗaya aka yi su: Floyd a Mayun 2020, EndSARS a Oktoba. An rusa SARS ranar 11 ga Oktoba, kafin mako ya zagayo an sanar da sabuwar runduna mai suna SWAT. Sai harbin masu zanga-zanga a Lekki ranar 20 ga wata. Kwamitin Mai shari'a Doris Okuwobi ya miƙa rahoto a Nuwamban 2021, gwamnati ta ƙi yarda da sashen da ya fi zafi. Mu nan babu Bature babu baƙi, duk fatarmu ɗaya, amma ana kisa. Don haka ni ina bayan Injiniya ta wani ɓangare: inda duk aka ba mutum bindiga ba a tambayarsa, zai yi ɓarna.

Abu_Hanifa77:
Kwamared kada ka manta a Arewa da yawa ba su goyi bayan EndSARS ba, har gwamnonin Arewa sun fito sun ce su suna son SARS saboda 'yan fashi da masu garkuwa.

Kwamared_Zariya:
Ban manta ba. Kuma ga shi an bar mu da 'yan bindigar da kuma "beli kyauta ne" a rubuce a bango.

Sadiq_Fagge:
Jama'a mun fara barin hanya. Ban ce a kwatanta mu da su ba. Tambayata ita ce, in babu kyamarar wayar nan, Chauvin zai shiga kurkuku?

Barista_MK:
Amsa a gajarce: da wuya ƙwarai. Kuma dalilin yana cikin doka, ba a son rai kaɗai yake ba. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Graham da Connor cewa idan za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi, a duba ta idon ɗan sanda mai hankali da ke tsaye a wurin a wannan daƙiƙar, ba ta idon wanda ya zauna daga baya yana nazari ba. Saboda haka lauyan da ke kare ɗan sanda abu ɗaya yake buƙata, ya sa masu taya alƙali yanke hukunci su yarda cewa mutumin ya ji tsoro. "Na zaci bindiga zai ciro." Da wannan aka wanke waɗanda suka kashe Diallo da Dan_Bronx ya ambata, da shi aka wanke wanda ya kashe Castile. Masu taya alƙalin nan mutum 12 ne, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ɗaure mutum, ɗaya ya tirje shari'a ta watse. Haka aka yi a Mayun 2025 a shari'ar ɗan sandan da ya harbi Patrick Lyoya, ɗan gudun hijira daga Kwango, a ƙeya a Grand Rapids: suka kasa daidaitawa, mai gabatar da ƙara ya ce ba zai sake shigar da ita ba. Kuma shi ma akwai bidiyo. Abin da ya kayar da Chauvin shi ne lokaci. Minti 9 da daƙiƙa 29, mutum na kwance rub da ciki, da ankwa a baya, mutane na roƙo, har wata ma'aikaciyar kashe gobara da ba ta bakin aiki tana cewa a duba bugun jininsa. Ba yadda za ka ce wa kotu shawarar ƙiftawar ido ce.

Ummu_Sultan:
Barista don Allah mene ne wannan rigar kariyar da ake cewa 'yan sandansu na da ita? Irin ta gwamnoninmu ce?

Barista_MK:
A'a Hajiya, ba iri ɗaya ba ce. Ta gwamnoninmu tana hana a gurfanar da su muddin suna kan kujera. Tasu ba ta hana tuhumar laifi, a ƙarar neman diyya take aiki. Kotuna ne suka ƙirƙiro ta: ba za ka ci ɗan sanda diyya ba sai ka nuna cewa haƙƙin da ya take an riga an fayyace shi ƙarara a wata shari'a mai kama da taka. In ba a taɓa yin irinta ba, ya tsira, kuma tunda ya tsira, gobe ma babu shari'ar da za a kafa hujja da ita. Jihar Colorado ta toshe wannan a kotunanta a 2020. Ƙudurin da aka sa wa sunan George Floyd, wanda zai taɓa ta a ƙasa baki ɗaya, ya wuce majalisar wakilai sau biyu, ya maƙale a majalisar dattawa.

Dan_Bronx:
Kuma diyyar ma wa ke biya? Minneapolis ta ba iyalin Floyd dala miliyan 27, Louisville ta ba iyalin Breonna Taylor, wadda 'yan sanda suka harbe a gidanta a 2020, miliyan 12. Ba daga aljihun ɗan sanda ba, ba daga asusun ƙungiyarsu ba, daga harajin gari. Wato ni da nake tsoronsa ni ke biya masa.

Maman_Iman:
Ko ba komai dai an biya. A nan wa zai ba ka ko kuɗin likkafani? Ɗan ƙanwata an kama shi a wani samame, ya kwana biyu a hannu, ya fito da karyayyen hannu, mu muka biya kuɗin beli muka biya na ɗori, har da godiya.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ina karatu a Faransa, bari in ƙara muku da na nan. A Yunin 2023 ɗan sanda ya harbe Nahel, yaro ɗan shekara 17 mai asali da Arewacin Afirka, a Nanterre kusa da Faris. Labarin farko da ya fito daga ɓangaren 'yan sanda shi ne yaron ya nufo su da mota zai take su. Sai ga bidiyon wani mai wucewa, ɗan sandan yana tsaye a gefen taga ne. Daidai abin da Malam Sadiq ke faɗa. Adama Traoré kuwa, wanda ya mutu a hannun jandarmomi a 2016, babu bidiyo, shekara da shekaru ana ta rahoton likitoci masu karo da juna, daga ƙarshe alƙalai suka rufe ba a gurfanar da kowa ba. Bambancin nan da Amurka, hukuma ba ta ƙidayar mutane bisa launin fata, don haka irin lissafin da Hajiya Bilki ta kawo ma da wuya ka same shi.

Tsohon_Sufeto:
Na yi shiru ina karantawa. Ni na sa kaki har na yi ritaya, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, 'ya'yana. Duk kuna magana a kan Chauvin, ni hankalina yana kan yaran nan biyu, Lane da Kueng. Ba su cika mako ɗaya da fara aiki a matsayin cikakkun 'yan sanda ba, shi kuwa Chauvin shekara 19 yana aiki, yana cikin masu horar da sababbi. Lane ya tambaya har sau biyu ko a juya mutumin ta gefe, aka ce masa a'a, ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san wannan shirun. Tun daga kwaleji abin da ake dasa maka shi ne na gaba ya faɗa ka bi. To kotun tarayya ta ɗaure su ukun, Lane shekara 2 da rabi, Kueng 3, Thao 3 da rabi, a kan rashin ba shi agaji, biyu daga ciki har da rashin hana Chauvin. A wurina wannan ya fi ɗaurin Chauvin nauyi, domin mugu ɗaya ba ya iya komai sai ya samu masu riƙe masa ƙafa. Amma in tambaye ku, ƙorafi 18 aka shigar a kan Chauvin kafin ranar. Manyan da suka karanta takardun nan suka mayar cikin durowa, suka kuma ba shi yara ya koyar, wa ya ɗaure su?

Kwamared_Zariya:
Baba Sufeto, Allah ya ƙara girma. To kai a zamaninka ka taɓa hana na gaba da kai?

Tsohon_Sufeto:
Ɗana, wanda ya hana, washegari sai ya ga takardar canjin wurin aiki zuwa inda ko ruwan sha babu. Kowa ya san haka, shi ya sa ba a buƙatar a faɗa. Amma kada ku ce ba a taɓa hukunta ɗan sanda a ƙasar nan ba. Mutum shidan nan na Apo, 'yan kasuwa biyar da wata budurwa, da aka kashe a Abuja a 2005, kotu ta yanke wa biyu hukuncin kisa a 2017. Shekara 12 ana shari'a. Ƙananan ne aka kama da laifi, babban cikinsu aka sallame shi.

Injiniya_Tukur:
To kun ga abin da nake faɗa. Maganar Baba ba ta launi ba ce, ta tsarin aiki ce.

Hajiya_Bilki_MN:
Biyun ne, Injiniya, ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta yi bincike a kan 'yan sandan Minneapolis, rahoton ya fito a Yunin 2023, ya ce suna wuce gona da iri wajen amfani da ƙarfi, kuma suna nuna bambanci ga baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar. Gwamnati ce ta rubuta, ba 'yan zanga-zanga ba. Aka shirya yarjejeniyar gyara a ƙarƙashin sa idon kotu, sai gwamnatin Trump ta janye daga ita a Mayun 2025, saura kwanaki a cika shekara 5 da kisan. Abin da ya rage shi ne wadda birnin ya yi da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jiha. Kuma don in yi maka adalci, a 2021 an kaɗa ƙuri'a a kan a rushe rundunar a kafa wata hukuma, mutanen gari suka ƙi, ciki har da baƙaƙe da yawa na arewacin birnin da harbe-harbe ya addaba. Maƙwabciyata cewa ta yi ita ba ta son a kashe mata ɗa, ko ɗan sanda ne ko ɗan daba, kuma in ta kira tana so a zo.

Sadiq_Fagge:
Barista, su biyar ɗin Memphis da Injiniya ya kawo, me ya faru da su? Su ma ai akwai bidiyo, har na kyamarar da ke kan turken titi.

Barista_MK:
Biyu sun amsa laifi. Sauran ukun kotun jiha ta wanke su a Mayun 2025, masu taya alƙalin kuma daga wani yanki na jihar aka ɗauko su, ba daga Memphis ba. Ta ɓangaren tarayya daban take tafiya.

Sadiq_Fagge:
To ashe ko wayar ma ba kullum take ci ba.

Dan_Bronx:
Ba kullum ba, amma ni dai tawa tana maƙale a gaban mota tana ɗauka dare da rana. Wanda zai zo nan cikinku ya tanadi tasa tun daga filin jirgi.

Ummu_Sultan:
Barista, a nan Najeriya doka ta yarda mutum ya ɗauki ɗan sanda a waya yana bakin aiki? Don ƙanina an taɓa ƙwace masa waya a shingen bincike saboda haka, sai da muka bi ta da kuɗi.